NBA ta rage yawan wasanni ko ta daina sayar mana da benci

Duk shekara idan ƙarshen Oktoba ya zo kakar NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta buɗe, maganar da nake ji a bakin mutane ita ce wai wasan Nuwamba ba wasa ba ne, a bari sai Afrilu idan an shiga zagayen fitar da gwani sannan a fara kallo. Ni wannan maganar tana ci min rai, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne su kansu masu gasar, da kulob-kulob ɗin da kociyoyin, da halinsu suke nuna sun yarda da ita, alhali kuɗin tikiti da kuɗin kallo ba sa rage ko sisi saboda wai Nuwamba ce.

Wanda yake bin ƙwallon kwando daga nan gida ya san abin da ake nufi da kallon wasan NBA kai tsaye. Wasan da aka sa ƙarfe 7:30 na yamma a New York ko Boston, a Najeriya da Nijar ƙarfe 12:30 na dare ne, kuma da zarar Amurka ta mayar da agogonta baya a farkon Nuwamba sai ya koma 1:30. Na can yammacin Amurka kuwa irin su Lakers da Warriors, wani sai 4:00 ko 4:30 na asuba za a jefa ƙwallo, kana cikin kwata ta biyu za ka ji kiran sallah. Gidan kallo ba ya nuna shi, su Firimiya da Laliga suka sani, saboda haka kai da wayarka ne da datarka da cajin da ka tara. To mutum ya tsara barcinsa, ya sayi data, ya tashi tsakar dare, ya buɗe waya sai ya tarar ɗan wasan da ya tashi dominsa yana zaune a benci da kayan gida yana dariya, ba karaya ba targaɗe, hutu kawai aka ba shi. Kuma mu namu ma mai sauƙi ne, ka tuna da uban da ya kwashi 'ya'yansa a can Amurka ya biya ɗaruruwan daloli don su ga gwarzonsu, a garin da kulob ɗin gwarzon sau ɗaya tak yake zuwa a shekara idan daga ɗaya shiyyar yake, tunda gasar shiyya biyu ce, gabas da yamma.

Wasan da ya fito da wannan rigimar fili wasan farkon kaka ne, ranar 29 ga Nuwamba 2012 a Miami. San Antonio Spurs za su kara da Miami Heat ta su LeBron James da Dwyane Wade da Chris Bosh, masu riƙe da kofi a lokacin, kuma wasa ne da za a nuna wa duk Amurka a talabijin. Sai kocin Spurs Gregg Popovich ya sa Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili da Danny Green a jirgi ya ce su koma gida San Antonio su huta, ko filin ba su je ba. Hujjarsa ita ce wannan shi ne wasansu na 4 cikin dare 5, kuma na ƙarshe a doguwar tafiya ta wasanni 6 a waje, ga Duncan shekararsa 36. Shugaban NBA na lokacin David Stern ransa ya ɓaci sosai, tun kafin a fara wasa ya fito ya ba 'yan kallo haƙuri, washegari ya ci tarar Spurs dala 250,000. Abin mamakin shi ne yaran bencin da aka bari sun kusa cinye Miami, suna gaba har mintunan ƙarshe, sai da Ray Allen ya jefa ta maki uku saura 'yan daƙiƙu sannan Miami ta sha da 105 da 100.

Yanzu wa ya fi gaskiya tsakanin Stern da Popovich? Ni na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne dukansu biyu suna da gaskiya, wannan kuwa shi ne ainihin matsalar. Popovich aikinsa ya ci kofi a watan Yuni, ba ya faranta wa gidan talabijin a Nuwamba ba, kuma abin da ya biyo baya ya wanke shi: wannan kakar Spurs suka kai fainal, inda ake ta karawa har sai wani ya ci wasa 4, suka haɗu da Miami ɗin dai, aka yi wasa 7 kafin su faɗi, shekara ta zagayo a 2014 suka dawo suka lallasa Miami 4 da 1 suka ɗau kofi, a kakar da babu ɗan wasansu ko ɗaya da ya kai minti 30 a kowane wasa idan aka yi lissafin tsaka-tsaki. Stern kuma aikinsa ya kare abin da aka sayar wa jama'a. An ce musu za su ga Duncan da LeBron, sun biya, ba su gani ba. Idan tsari ya kai matsayin da koci mai hankali dole sai ya cuci ɗan kallo kafin ya kare ɗan wasansa, to laifin ba na kocin ba ne, tsarin ne ya lalace.

Daga nan kuma kowa ya koya. Wanda ya fi fito da abin fili shi ne Toronto Raptors a kakar 2018 zuwa 2019. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, shi ne shugaban kulob ɗin a lokacin, ya yi kasada ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard wanda ya kusa shafe kakar baya gaba ɗaya yana jinyar cinya. Suka riƙa lallaɓa shi, idan wasa biyu suka zo a jere dare biyu ba ya buga duka, ya ƙare da wasa 60 cikin 82, sannan ya zo ya ɗauki kulob ɗin a kafaɗa suka ci kofin farko a tarihinsu, shi ne gwarzon fainal. Wallahi na yi murna da wannan kofin kamar ni aka ba, musamman saboda Masai, amma gaskiya ɗaya ce, daga ranar babu wani shugaban kulob da zai ƙara jin kunyar ajiye babban ɗan wasansa, tunda an ga riba ƙiri-ƙiri.

Akwai masu cewa ai 'yan wasan yanzu ragwaye ne, an lalata su da kuɗi. Sai su kawo maka Michael Jordan da ya buga wasa 82 cif a kakarsa ta ƙarshe da Washington yana ɗan shekara 40, ko A.C. Green da ya jera wasa 1,192 bai yi fashin ko ɗaya ba, ko namu Hakeem Olajuwon da ya buga wasa 80 a kakar 1993 zuwa 1994 yana yin kusan minti 41 cikin 48 a kowane dare. Ina girmama waɗannan mutanen ƙwarai, Hakeem ma har da azumi a bakinsa ya riƙa buga wasa a Ramadan. Amma duk wanda ya zauna ya kalli cikakken wasan 1994 sannan ya kalli na yanzu zai ga ba aiki ɗaya ƙafafu suke yi ba. A zamanin su Hakeem kulob yana jefa ƙwallon maki uku, wato ta nesa daga bayan layi, kusan sau 10 a wasa, yanzu ya haura 35, Boston ma a daren buɗe kakar 2024 guda 29 suka zura wa New York Knicks a wasa ɗaya. Ma'anar wannan ita ce mai tsaro ba ya tsayawa kusa da kwando yana jiran a zo a same shi, dole ya ruga can bakin layi ya tare mai jifa, ya taka birki, ya juyo, ya sake rugawa ɗaya kusurwar, katon mutum mai tsawon ƙafa 7 haka zai yi ta yi har a tashi. Wancan zamanin duka ne da ture-ture da gwiwar hannu, wannan kuma gudu ne da birki, kuma birkin nan shi ke cin gwiwa da agara. A zagayen fitar da gwani na 2025 kaɗai Damian Lillard da Jayson Tatum da Tyrese Haliburton duk agararsu ta tsinke, Haliburton ma a wasa na 7 na fainal, kwata ta farko. Ba zan ce yawan wasa ne kaɗai ya jawo ba, amma mutumin da ya kalli yaron nan yana dukan ƙasa yana kuka ba zai iya buɗe baki ya ce ragwanci ke damun su ba.

To me NBA ta yi? A 2023 Adam Silver, wanda ya gaji Stern, ya fito da magunguna har kala uku kusan lokaci guda. An kafa dokar cewa kulob ba zai ajiye taurarinsa biyu lafiyayyu a wasa ɗaya ba, kuma ba zai ajiye tauraro a wasan da ake nuna wa ƙasa baki ɗaya ba, wanda ya saɓa tarar dala 100,000 a karon farko, 250,000 a na biyu, daga nan ta riƙa hawa da miliyan. An kuma ce duk ɗan wasan da bai buga wasa 65 ba ba zai shiga takarar gwarzon shekara da sauran manyan kyaututtuka ba, kuma wasu kwantiragin manyan kuɗi a kan waɗannan kyaututtukan suke rataye. Sai kuma aka ƙirƙiro ƙaramin kofi a cikin kaka wanda ake bugawa a Nuwamba da Disamba, aka fente filaye da launuka masu ɗaukar ido, aka ce kowane ɗan wasan kulob ɗin da ya ci zai samu dala 500,000.

Kofin nan ni ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Lakers suka ci na farko a Las Vegas a Disambar 2023 a kan Indiana, na biyu kuma Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, ta doke Oklahoma City a Disambar 2024 bayan ta fara kakar da cin wasa 2 kacal cikin 10. Ka ga 'yan wasa suna faɗuwa ƙasa kan ƙwallo a watan Nuwamba, ka ga ana lissafin tazarar maki har daƙiƙar ƙarshe, abin ya yi daɗi. Ga yaron benci da albashinsa bai taka kara ya karya ba a ma'aunin NBA, rabin miliyan ba ƙaramin abu ba ne, kuma manyan suna buga wa ƙananan. Amma ka lura da abin da kofin yake faɗa a fakaice: su da kansu sun amsa cewa wasan farkon kaka ba shi da zafi sai an ɗora masa kuɗi da fenti.

Dokar wasa 65 kuwa ita ce na fi tsana, kuma dalilina Joel Embiid ne, ɗan Kamaru, tauraron kulob ɗin Philadelphia a lokacin. A Janairun 2024 yana kan ganiyarsa, shi ke riƙe da kambun gwarzon shekara, ya zura maki 70 a wasa ɗaya a kan Spurs ranar 22 ga wata. Gwiwarsa tana damunsa, ya fasa buga wasansu da Denver ta su Nikola Jokic, aka yi masa ca a talabijin da intanet ana cewa tsoro ne, ana ƙirga masa wasa nawa suka rage kafin ya faɗi ƙasa da 65. Bayan 'yan kwanaki ya fito a wasan Golden State kowa yana ganin yadda yake jan ƙafa, wani ɗan wasa ya faɗo masa a kan gwiwar, aka ƙare da tiyata da jinyar wata biyu. Wannan shi ne abin da tilastawa take haifarwa. Ɗan kallon da aka ce ana karewa ya samu Embiid rabin lafiya dare ɗaya, ya rasa shi wata biyu. Kuma tarar da ake cin kulob ma ba ta hana komai ba, abin da ta koya musu kawai shi ne su daina rubuta hutu su riƙa rubuta ciwon baya ko kumburin idon sawu, wa zai shiga jikin mutum ya ce ƙarya yake?

Shi ya sa nake cewa duk wannan kewaye-kewaye ne, maganin yana gabansu suna ganinsa: a rage wasannin. Lambar nan 82 ba daga sama ta sauko ba, tun kakar 1967 zuwa 1968 aka tsaya a kanta lokacin da kulob 12 ne a gasar kuma kuɗin ƙofa shi ne abincinsu. Yanzu kulob 30 ne, daga Miami zuwa Portland tafiyar awa 6 ce a jirgi, ana buga wasa 82 cikin ƙasa da wata 6, kowane kulob yana da wasannin dare biyu a jere sau goma sha wani abu, a gama wasa ƙarfe 10 na dare a hau jirgi a sauka wani gari ƙarfe 2 ko 3 a kwanta a tashi a sake buga wani. Firimiyar Ingila da muke kallo wasa 38 ce cikin wata 9, shi ya sa ko wasan Agusta aka yi kunnen doki sai ka ji gari ya ɗauka. An taɓa yin gajeriyar kaka a NBA kuma duniya ba ta tashi ba, wasa 50 a 1999, wasa 66 a 2011 zuwa 2012, wasa 72 bayan korona, sai dai waɗancan duk an matse su ne cikin ɗan lokaci, abin da nake nufi daban ne, a bar tsawon watannin yadda yake a cire wasa 10 ko fiye, a kashe wasan dare biyu a jere gaba ɗaya. Steve Kerr kocin Warriors ya sha fitowa yana neman a rage, kuma mutum ne da ya ci kofi yana ɗan wasa ya ci yana koci.

Wani zai ce to idan haka ne ai ka yarda wasan Nuwamba bai da amfani kenan. A'a, sam. Abin da wasan Nuwamba ba ya yi shi ne gaya maka wanda zai ɗau kofi, kuma nan ne 'yan uwana 'yan kallo suke ba ni haushi, kulob ya ci wasa 5 a jere an naɗa shi zakara, ya faɗi 3 a jere a kori koci a sayar da kowa. Mun saba cewa juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta, wani lokaci haka ne, Houston ta Hakeem ta fara kakar 1993 da cin wasa 15 a jere kuma ta ɗau kofi. Amma Golden State ta ci 24 a jere a farkon kakar 2015, ta ƙare da cin 73 faɗuwa 9 wanda ba a taɓa yi ba, ta zo fainal tana gaba 3 da 1 LeBron da Cleveland suka ƙwace. Cleveland ɗin ma a 2024 ta fara da 15 a jere, Indiana da ta fara da cin 10 faɗuwa 15 ita ta fitar da ita a zagaye na biyu ta wuce har fainal. Boston ta koci Ime Udoka a Janairun 2022 faɗuwarta ta fi cinta yawa, watan Yuni tana fainal.

Abin da nake tashi in kalla a Nuwamba daban ne. A nan ne kake ganin kulob yana neman kansa, koci yana gwada wa zai haɗa da wa, sabon yaron da aka ɗauko a watan Yuni yana shan wahala a hannun manya yau, bayan sati biyu ka ga ya gane inda zai tsaya. Wanda ya kalli Victor Wembanyama, sabon yaron Spurs, a wasanninsa na farko a 2023, a wasansa na 5 kacal ya zuba wa Phoenix ta su Kevin Durant maki 38, ya ga abin da mai jiran Afrilu bai gani ba, don Spurs ko ƙofar zagayen fitar da gwani ba su leƙa ba wannan shekarar. Kuma cin da aka yi a Nuwamba daidai yake da na Maris a kan teburi. Oklahoma City ta ci wasa 68 a kakar 2024 zuwa 2025, wannan ya ba ta damar buga wasa na 7 a gidanta har sau biyu, da Denver da kuma Indiana, duka ta ci. Wani daren Talata da babu wanda ya damu da shi yana cikin abin da ya kawo wasa na 7 Oklahoma. Sai dai ita NBA ɗin ta ƙara rage wa abin daraja da hannunta, tunda yanzu kulob 20 cikin 30 suna da sauran dama bayan an gama kaka saboda ƙaramin zagayen neman gurbi da aka ƙara wa na 7 zuwa na 10 a teburin kowace shiyya, Miami ma ta wannan ƙofar ta bi a 2023 tana ta 8 ta kai fainal. Idan kana iya yin barci rabin kaka kuma ka shiga, me zai sa ka kashe kanka a Nuwamba?

Na san abin da ya hana a rage, kowa ma ya sani, kuɗi ne. Kowane kulob wasa 41 yake yi a gida, a cire 10 daga kaka ya rasa dare 5 na tikiti da abinci da riguna da fakin ɗin mota. Su ma 'yan wasan ba za su wanke hannunsu ba, domin kusan rabin kuɗin da gasar take samu nasu ne bisa yarjejeniya, in an rage wasa albashi zai taɓu, kuma ban ga ƙungiyarsu ta fito ta ce ta yarda da hakan ba. Suna son albashin wasa 82 da jikin wasa 65, masu kulob suna son kuɗin ƙofar wasa 82 ko da 'yan benci ne a fili. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, ko dai a buga abin da aka karɓi kuɗinsa ko a rage abin da ake karɓa, amma ba zai yiwu a ce ɗan kallo shi kaɗai zai riƙa ɗaukar asarar ba.

Kuma in akwai lokacin da za su iya jure wannan ragin to yanzu ne. Sabuwar yarjejeniyar talabijin da suka ƙulla da ESPN da NBC da Amazon ta shekara 11 ce, kuɗinta ya haura dala biliyan 75, ta fara aiki daga kakar 2025, ta ninka ta baya fiye da sau biyu a kowace shekara. An sayar da Boston Celtics a kan sama da dala biliyan 6. Mutanen da suke cikin irin wannan daular ba za su ce dare 5 a shekara zai durƙusar da su ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu kulob da 'yan wasa za ta kai 2030, kuma kowane ɓangare yana da damar fita daga cikinta shekara guda kafin nan, to a wannan zaman nake son in ga an sa maganar wasa 72 ko ma 70 a kan teburi, a cire dokar wasa 65 ɗin nan da ta sa Embiid fita da gurguwar ƙafa, sannan a tilasta wa kowane kulob ya faɗi wanda zai buga da wanda ba zai buga ba tun ana gobe wasa, ba saura awa ɗaya ba, don wanda ke Kano ko Zinder ko Kumasi ya san ko zai sa ƙararrawar wayarsa ko zai yi barcinsa.